Karan Mutumin Mahuta

Ya san ni ce na ƙona karan nan, ko kuwa har ƙasa ta rufe idonsa bai sani ba? Na tsufa da wannan tambaya. Wata rana in tashi da tabbacin ya sani, kafin azahar kuma in ce a'a, da ya sani da ya tsokane ni ko sau ɗaya, don shi mutum ne da abin dariya ba ya wuce shi. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. 'Yata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na gaya mata in na tsaya kuka ta jira ni, kada ta cike mini gurbin da maganarta.

Ita ce ma ta tono zancen ba ta sani ba. Atamfa take sayarwa ta waya, jiya na ji tana ta sa-in-sa da wata da ta dawo da kaya, a kan wanda zai biya kuɗin mota. Na ce mata ubanki ya yi wannan sana'ar tun babu waya, kuma bai taɓa ɗaga murya a kanta ba.

Mai gidana baduku ne a Funtua. Takalman maza yake ɗinkawa, masu tafin ƙirgi, irin wanda manomi zai shekara biyu yana taka ƙaya da shi. A zauren gidanmu yake aiki. Yawancin masu sayen kayansa ba 'yan gari ba ne, mutanen ƙauye ne, daga Maska, daga Mahuta, har Kafur can wajen Malumfashi, waɗanda ba za su bar gona su zo a auna musu ƙafa ba. To sai aka samu dabara. Mutum ya nemi busasshen karan dawa ya taka, a yanke shi daidai tsawon sawunsa, daga dunduniya zuwa babban yatsa. A zagaya zaren abawa a faɗin ƙafar a ƙulle, a ɗaura ta a jikin karan. Daga nan ya yi wa bakin karan tsaga da wuƙa, shaidarsa ke nan, wani biyu, wani uku, wani a gicciye. Sai a ba direban wata mota a-kori-kura da ke bin kasuwannin nan. Direban mutum ne mai tumbi da surutu, ya haddace shaidar kowa, shi ke kawo kara, shi ke mai da takalmi.

Ƙa'idar Malam, haka nake kiran mai gidana, ita ce kuɗin mota nasa ne, zuwa da dawowa. In takalmi bai zauna a ƙafa ba a dawo da shi, ya ɗinka wani, babu ƙarin ko kwabo. Wannan ƙa'ida ta sha haɗa mu.

"Malam, sule biyun nan da kake miƙa wa direba, ai kuɗin cefanen yini ne."

"'Yar Maska," haka yake ce mini don can aka haife ni, "mutumin da bai taɓa ganin fuskata ba ya aiko mini da ƙafarsa. In bai yi ba, laifin wa?"

"Na wanda ya yanke karan mana."

"To shi yana can, ni ina nan, kara kuma ba ya ba da shaida. Gara in ɗauka a wuce wurin."

Akwai wata Bayarabiya da ke sayar masa da ƙusa da zare a kasuwa, haihuwar Funtua ce, Hausarta ta fi tawa. Ta ce masa, "Baba baduku, ka zuba kuɗin motar a cikin kuɗin takalmin mana, wa zai sani?" Ya ce, "Ni." Da man mota ya yi tsada dole ta sa ya ɗora kaɗan, amma sai da ya sa direba ya bi kowa ya gaya masa an ɗora, da abin da aka ɗora. Matar nan ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ba ta taɓa ganin ɗan kasuwa mai kai ƙarar kansa ba.

Takalman da aka dawo da su yakan rataye su a igiya a zaure. Marayu yake ce musu. Suna nan har Allah ya kawo ƙafar da ta dace, ya sayar da araha, wani lokaci ya ce ɗauki kawai. Shi kuwa kara, in ya gama yanka fata a kansa, sai ya warware abawar ya ajiye, ya ba ni karan in hura wuta. A rufin madafi nake soke su, wurin da ruwa ba ya taɓawa.

Shekarar da abin ya faru azumi ya faɗo cikin marka, wannan mai rubutun tana goye. An kwana uku ana ruwa, zaurenmu yana yoyo ta ko'ina. Direba ya zo a gaggauce, ya miƙa wa Malam ƙunshin kara takwas ɗaure da kaba, aikin Salla, ya ce sai ya dawo su yi magana. Malam bai ko kwance ba. Ya nemi busasshen wuri ya rasa, sai ya shiga madafi ya soke su a rufi, ya wuce majema sayen fata. Bai gaya mini ba, ni kuma ina bayan ɗaki ina tarar ruwa.

La'asar ta yi ban dama kunu ba, itace ya jiƙe sharkaf, yarinya tana tsala kuka a bayana. Na miƙa hannu sama ban duba ba, na tsinke kabar, na cusa su duka a murhu. Wuta ta kama, har na ce alhamdu lillahi. Sai na ji warin zare yana ci.

Da hannu na jawo su, har yau ga tabon a yatsana. Uku sun fito da tsawonsu, baƙi kawai suka yi. Biyar wuta ta ci rabinsu. Abawa kuwa babu ko ɗaya. Abin da ya rage shi ne shaidar kowa, don bakin da ke da tsagar shi ne a waje.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in jira shi in gaya masa. Ba mai duka ba ne, ba mai zagi ba ne. Amma ni ce kullum nake yi masa mita a kan asarar sule biyu, yau ga ni na cinye masa aikin Salla a murhu. Kunya ce ta hana ni, ba tsoro ba. Na zagaya bayan madafi na zare kara daga danga. Madadin ukun nan na yanke su daidai da na asali. Sauran na yi ta kintace, ina gwadawa da tsohon takalmin Malam, wanda na san dogo ne in ƙara masa yatsa, wanda ban sani ba in bar shi haka. Abawa ina da ita don ina kaɗi, na zagaya a ƙafata na ƙara yatsa biyu na ƙulle. Na kwaikwayi tsagar kowa da wuƙar yankan kuɓewa.

A cikinsu akwai kara biyu masu shaida iri ɗaya, tsaga huɗu huɗu. Ɗaya ya tsira, ɗaya ya ƙone. Na ce a raina wannan ya aiko biyu ne don gudun kada ɗaya ya ɓata. Na yanke su daidai wa daida.

Washegari ina shara kusa da zaure na ji Malam yana kwance ƙunshin yana dariya shi kaɗai. Ya ɗaga murya ya ce, "'Yar Maska, zo ki ga wani mai tsoron asara irinki. Kara biyu ya aiko don ƙafa ɗaya." Na ce hannuna da aiki.

Ya ɗinka ƙafa bakwai da azumi a bakinsa, ya biya mota aka tafi da su. Karan kuma ya ba ni kamar kullum, na hura wuta da su, na ce shi ke nan magana ta mutu. Ana saura kwana uku Salla direba ya yi sallama. Na laɓe a bayan ƙofar zaure.

"Baduku, yau marayu na kawo maka, har huɗu."

"Huɗu? A tafiya ɗaya?"

"Na Maska ya ce in tambaye ka ko kwalekwale ka ɗinka masa don ya ga ana marka. Malamin cocin Kafur kuma ya ce yatsunsa uku ne suka samu shiga, biyu suna waje suna jiran izini."

Malam ya yi 'yar dariya, ba irin tasa ba. Direba ya lissafa na uku, sannan muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce na huɗun wani mutum ne a Mahuta, wannan ne karonsa na farko. Shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu tun yana ƙarami, ba ta kai ta dama ba ko kusa. Tun da yake bai taɓa sa takalmin da ya yi masa ba, tsumma yake cusawa a na hagun, ya ɗaure da igiya. Kaji ya sayar ya yi wannan aike, don ya je Idi kamar kowa. Shi ya sa ya aiko kara biyu, dogo da gajere, ya ce ba sai an yi bayani ba, baduku zai gane.

"Ya ce in gaya maka bai ji haushi ba," in ji direba. "Ya ce ya san ƙafarsa ce mai wuyar sha'ani."

Na dafa bango.

Direba ya ce, "Wallahi baduku, yadda aka ba ni haka na kawo. Can ana ta cewa ni na hautsina su."

"Ba wanda ya ce kai ne a nan," in ji Malam. Sannan ya ce, "Kuskurena ne. Idona ne ya fara gajiya. Ka gaya musu haka, kowa ya sake aiko kara, mota tawa ce. Na Mahuta kuwa ka bar mini shi."

Da gari ya waye ya ɗauki keke. Hanyar Mahuta a marka ba hanya ba ce, inda ya hau keken bai kai inda keken ya hau shi ba. Ya je ya durƙusa a ƙofar gidan mutumin, ya auna ƙafar nan da hannunsa. Ya dawo bayan azahar, taɓo har gwiwa, leɓensa ya bushe, ya zauna ya kama yanka. Ranar jajibere da hantsi ya gama, motar kasuwa ba ta zuwa ranar, ya sake ɗaukar keke ya kai da kansa.

Kuɗin fatar da aka sake saya da kuɗin mota sau biyu suka cinye abin da ya ware don zanena na Salla. Da ya dawo daga Mahuta ya same ni ina tankaɗe, ya tsuguna nesa kaɗan, ya ce, "'Yar Maska, bana ki yi haƙuri da zanen bara. Kin sha gaya mini, ga shi yau ta faru." Shi ke ba ni haƙuri. Na buɗe baki in gaya masa gaskiya, abin da ya fito shi ne, "Ba komai, Malam."

Dakata, 'yar nan. Bari in share fuska.

Bayan Salla ya je kasuwa ya sayo tabarau, irin wanda ake shimfiɗawa a tabarma kowa ya gwada. Bai ƙara zama aiki babu shi ba. Abokansa suka yi ta yi masa tsiya, wai baduku ya zama akawu. Duk lokacin da na ga tabaran nan a hancinsa sai in kawar da kai, don na sa lafiyayyen mutum ya daina yarda da idonsa. To amma kuma, na sha ganinsa in zai zura zare a basilla sai ya sunkuyar da kai ya leƙa ta saman gilashin. Wanda idonsa ya gaji yana haka?

Ga kuma danga. Gurbin da na zare karan nan a bayan madafi, kwana biyu da Salla na tarar an toshe shi da sabon kara, an ɗaure tsaf. Bai ce komai ba. Amma ai kowane mai gida yana gyara dangarsa in ya ga ta yi baki. Wani lokaci kuma in ce ƙila direba yake zargi, ya ɗauka ƙunshin ya faɗi a hanya ya sake yanko wasu, shi ne ya rufa masa asiri. Da wanne zan kama?

Abu ɗaya dai ya canza. Ya ɗinka jakar fata ya rataye a can saman zaure, kowane kara a ciki yake kwana, kuma ba ya ba ni shi sai direba ya dawo ya ce takalmi ya zauna. Ni kuma ban ƙara yi masa maganar sule biyu ba. Har ya taɓa tambayata, "Lafiya kuwa? An daɗe ba a yi mini wa'azin kuɗin mota ba." Na ce na gaji ne. Ya ce, "Kayya, har na yi kewa."

Mutumin Mahuta ya je Idi da takalminsa. Da shi aka ɗaura masa aure a shekarar da ta biyo. Daga nan duk shekara sai ya aiko kara biyu, dogo da gajere, ko da yake Malam ya riga ya haddace ƙafar. In damina ce ya haɗo da ƙwan zabi a ƙwarya cikin ƙaiƙayi, ya ce a ba uwar gida. Ni ce nake soya su. Ban taɓa ganin mutumin nan ba, ban kuma taɓa cin ƙwan ba tare da na tuna ya ce ƙafarsa ce mai laifi.

Na gwada faɗa, ba sau ɗaya ba. Wata rana yana cin tuwo na ce, "Malam, ka tuna azumin nan na marka?" Ya ce, "Wanda kununki ya yi ƙauri har na ɗauka da gawayi kika dama?" Ya yi ta dariya, yara suka taya shi, maganar ta bi iska. Kullum sai in ce gobe. Abin da kamar ƙarami ne, kara takwas, amma kowace shekara da na ƙara yin shiru sai ya ƙara nauyi, don yanzu ba ƙona karan zan faɗa ba, shekarun da na bar shi yana sa tabarau zan faɗa.

Mun yi kamar shekara goma a haka. Ciwo ya kama shi da kaka, lokacin da motocin auduga ke ta shigowa gari. Ƙirji ne. An kai shi asibiti aka dawo da shi, ya rame har zoben azurfarsa yana zamewa. Ana cikin haka direba ya zo dubiya, shi ma ya yi furfura, ya fito da kara biyu daga aljihu yana jin nauyi, ya ce mutumin Mahuta bai san ba ka da lafiya ba, in mayar masa? Malam ya miƙa hannu ya karɓa. Ya ce a bar masa su a nan kusa da shi.

Takalmin nan an ɗinka shi, amma ba Malam ne ya ɗinka ba, don bai tashi daga ciwon ba. Bayan na fita takaba na kai karan wurin wani baduku abokinsa, na sayar da zaren da na kaɗa na biya shi. Da direba ya zo ɗauka na miƙa masa kuɗin mota, ya ja da baya ya ce, "Haba uwar gida, in karɓi kuɗinki a kan wannan?" Na ce ba nawa ba ne, ƙa'idar mai gidan ce, kuma ka gaya wa mutumin Mahuta in bai yi ba a dawo da shi. Ya karɓa yana share ido da hularsa. Ba a dawo da shi ba.

Ke mai rubutu, yau kika fara jin wannan, kin ga ke ma kin tsaya. Rubuta, saura kaɗan.

Ranar da zai rasu, da hantsi na kai masa kunu. Rana ta shigo ta ƙofa har kan tabarmarsa, tabaran yana ajiye a gefe. Na zauna na ce yau kam ko me zai faru sai na faɗa. Bayan abin da ya ce mini a lokacin nan barci ya ɗauke shi, bai sake magana da ni ba, da la'asar Allah ya karɓi abinsa, kalmar shahada ce kawai 'yan'uwansa suka ji a bakinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na juya maganar nan tasa ta kowace fuska. Wata rana in ji ta kamar yafiya ce ya miƙo mini don kada in sha wahalar roƙa. Wata rana kuma in ce ai abin da kowane baduku zai gaya wa matarsa ne.

Na ce, "Malam, akwai abin da na daɗe ina so in gaya maka."

Ya buɗe ido ya dube ni, tsaf, babu gilashi. Bakinsa ya motsa kamar mai shirin tsokana. Ya lalubo karan nan biyu a gefen matashi, ya sa mini a tafin hannu, ya rufe yatsuna a kansu da nasa.

"Bari sai na tashi, 'yar Maska. Riƙe karan mutumin Mahuta. Dogon na dama ne, gajeren na hagu. Ki ajiye su nesa da murhu."